Gonar Wa Ce? Falsafar Feɗe Magana da ta Nahiyar Turai a kan Ma'auni

Ɗalibin da ya gama sakandare a Maraɗi ya riga ya zauna ajin falsafa, domin a tsarin karatun Nijar, wanda aka gada daga Faransa, darasi ne na ajin ƙarshe, kuma yana cikin jarrabawar bak. Akan ba shi tambaya guda a kan 'yanci ko aiki ko hukuma, a ce ya cika shafuka, ya kawo Descartes da Rousseau da Hegel da Sartre. Takwaransa na Kano kuwa ba ya gamuwa da falsafa sai ya shiga jami'a, a cikin darussan gama-gari da ake wajabta wa kowa, kuma abin da zai fi tararwa a ciki shi ne mantiƙi: yadda ake gina hujja da irin kurakuran da ke rusa ta. Yara biyu Hausawa, tsakaninsu tafiyar 'yan sa'o'i a mota, amma iyakar da Ingila da Faransa suka shata ta shiga har cikin yadda ake koya musu tunani.

Abin da ɗan Kano ya ɗanɗana reshe ne na falsafar da Turawa ke kira analitik, wadda zan kira falsafar feɗe magana. Ita ke da rinjaye a jami'o'in Ingila da Amurka da Ostireliya, da yawancin ƙasashen da Ingila ta mulka. Abin da ɗan Maraɗi ya sha ya fi kusa da wadda ake kira falsafar nahiyar Turai, wato ta Jamus da Faransa. Tun daga sunayen akwai gyara, don ɗaya ya ambaci hanyar aiki, ɗaya ya ambaci wuri. Bernard Williams, malamin falsafa na Ingila, ya kwatanta rabon da a kasa motoci kashi biyu, a ce ga masu ja da tayoyin gaba, ga kuma ƙirar Japan. Wurin ma bai tsaya daidai ba: Gottlob Frege da Rudolf Carnap Jamusawa ne, Ludwig Wittgenstein haifaffen Biyana ne, kuma su ne ginshiƙan feɗe magana. Sunan “na nahiya” kuwa malaman Ingila ne suka yayata shi a kan na ƙetaren ruwa. Heidegger da Sartre ba su san kansu da shi ba.

To mece ce falsafar feɗe magana, in ba wuri ne ya tsare ta ba? Ba aƙida ce guda ba. Na sha jin ana cewa masu ita duk masu musun gaibu ne. Gaskiya ne a shekarun 1920 da 1930 wani rukuni a Biyana, ƙarƙashin Moritz Schlick, ya yi iƙirarin cewa duk zancen da ba lissafi ko mantiƙi ba, kuma gwaji ba zai iya tabbatar da shi ba, ba shi da ma'ana. Amma wannan ra'ayi ya faɗi a hannun 'yan gidan kansu, kuma daga baya aka sami irin su Alvin Plantinga da Richard Swinburne suna kare samuwar Allah da kayan aikin nan ɗin dai. Abin da ya haɗa su ladabin aiki ne. Ka ɗauki mas'ala ƙarama wadda za ka iya riƙewa. Ka faɗi da'awarka a fili, ka iyakance ma'anar kalmominka, ka jera muƙaddimominka ɗaya bayan ɗaya yadda mai karatu zai ga ta inda natija ta fito, sannan ka buɗe ƙofa ga wanda zai kawo misalin da zai karya ka. Abokan zamanta su ne lissafi da kimiyya, kuma ta fi yin magana a gajeriyar maƙala fiye da ƙaton littafi.

Frege, malamin lissafi a jami'ar Jena, shi ya aza harsashin a 1879 da wani ɗan ƙaramin littafi da ya sabunta mantiƙi, fannin da ya daɗe bai yi nisa da inda Aristo ya bar shi ba. A 1892 ya rubuta maƙalar da har gobe ake fara karatun fannin da ita, kuma misalinsa na sama ne, wanda duk manomin da ke sammako ya sani. Da asuba akan ga tauraro mai haske a gabas, mu ce gamzaki. A wasu watannin, bayan magariba, akan ga mai haske a yamma, mu ce Zara matar wata. Masana taurari sun tabbatar abu guda ne, duniyar da Larabawa ke kira Zuhura. In na ce maka “gamzaki gamzaki ne”, ban ƙare ka da komai ba. In na ce “gamzaki shi ne Zara”, na ba ka labari, mai yiwuwa ma ka musa. Ta yaya jimloli biyu da ke nuni ga abu ɗaya za su bambanta haka? Amsar Frege ita ce suna yana ɗauke da abu biyu: abin da yake nunawa, da kuma fuskar da ya nuno shi ta ita. Tambayar ƙarama ce a ido, amma daga ita aka buɗe babin yadda harshe ke kama duniya, kuma mantiƙin da ya gina yana cikin tushen ilimin kwamfuta.

Bertrand Russell ya ɗora a 1905, ya nuna cewa siffar jimla a nahawu tana iya ɓoye siffarta a mantiƙi, har mutum ya zaci akwai abin da babu don kawai an ambace shi. Wittgenstein ya fito da littafinsa na farko a 1921, daga baya ya juya wa da yawa daga cikinsa baya, ya ce a nemi ma'anar kalma a yadda mutane ke aiki da ita. Wanda ya fi kusa da mu a wannan layi shi ne J. L. Austin na Okasfod, wanda aka buga laccocinsa a 1962, shekara biyu bayan rasuwarsa. Ya lura akwai maganar da ba labari take bayarwa ba, aiki take aikatawa. Duba wurin ɗaurin aure. Wakilin ango ya nemi auren, waliyyi ya ce “na ba shi”, wakili ya ce “na karɓa masa”, an ambaci sadaki, shaidu sun ji, aka shafa fatiha. Kafin kalmomin nan babu aure, bayansu akwai. Ba a tambaya ko “na ba shi” gaskiya ce ko ƙarya, ana tambaya ne ko ta inganta: shin mai faɗar waliyyi ne, shin akwai shaidu? Almajirin da ya karanta balaga zai gane wurin nan take, don malamansa sun daɗe da raba magana zuwa habari da insha'i, malaman fiƙihu kuma sun feɗe lafazin saki zuwa sarihi da kinaya ƙarnuka kafin a haifi Austin.

Falsafar nahiya ta faro ne daga wani wuri dabam. Tun daga Hegel, wanda babban littafinsa ya fito a 1807, ta riƙe cewa tunani yana da tarihi, ma'anar 'yanci ko adalci ko mallaka ba ta sauko a ƙulle ba, ta girma ne a cikin rayuwar al'umma da rigingimunta. Edmund Husserl ya ce a koma ga yadda abubuwa ke bayyana ga mai rayuwa da su kafin a ɗora musu awo. Ɗalibinsa Martin Heidegger, a littafinsa na 1927, ya yi misali da guduma, mu kuma fartanya ta fi mana kusa. Manomi na cikin noman firi, ba ya kallon fartanyarsa, ba ya tunanin nauyinta ko irin ƙarfen da maƙeri ya ƙera ta da shi. Hankalinsa na kan ciyawa da gindin gero da hadarin da ke haɗowa. Sai ranar da ƙota ta karye sannan fartanya ta zama abin dubawa, ya juya ta, ya ga itace da ƙarfe. Heidegger ya ce masu falsafa sun daɗe suna farawa daga karyayyar fartanya, suna ɗaukar duniya tarin abubuwa ne da ake tsayawa a kalla, alhali mutum ya riga ya tsunduma cikin aiki da damuwa da mutane kafin ya fara kallo.

Wani reshe nata kuma mai tuhuma ne. Karl Marx ya tambayi wa ke cin moriyar ra'ayin da ya yi rinjaye. Nietzsche ya bi asalin abin da Turawa ke kira kyakkyawa da mummuna. Michel Foucault, a 1975, ya bi tarihin gidan yari ya nuna yadda awo da rajista da sa ido ke ƙera irin mutumin da hukuma ke so. Frantz Fanon, ɗan Martinik da ya yi aikin likita a Aljeriya ya rasu a 1961, ya juya wannan tuhuma kan mulkin mallaka da abin da yake yi wa zuciyar wanda aka mallaka. Waɗannan ba su cika jera muƙaddima da natija ba. Sun fi karanta magabata, su yi sharhi, su ba da tarihi, kuma abokan zamansu adabi da tarihi da siyasa ne.

Da farko gidajen biyu ba su yi hannun riga ba. Husserl ma lissafi ya karanta, sun yi musayar wasiƙu da Frege, kuma Frege ya yi sharhi mai zafi a kan littafin Husserl na farko a 1894. Ɓaraka ta fito fili ne a 1932, da Carnap ya ɗauko jimlolin Heidegger a kan “babu”, ya sa su a ma'aunin sabon mantiƙi, ya yanke cewa ba su da ma'ana. Sai siyasa ta ƙarasa abin da gardama ta fara. A 1933 Heidegger ya shiga jam'iyyar Nazi ya zama shugaban jami'ar Freiburg. A 1936 wani tsohon ɗalibi ya harbe Schlick a matakalar jami'ar Biyana. Carnap da da yawa daga abokansa suka yi hijira zuwa Amurka da Ingila, hanyarsu ta bi su, ta koma magana da Ingilishi. Har a 1992, da jami'ar Kambirij ta so ba Jacques Derrida, ɗan gidan nahiya, digirin girmamawa, wasu manyan malamai, ciki har da Quine, ɗan feɗe magana, sun rubuta wa jarida suna ƙin amincewa, sai da aka kaɗa ƙuri'a, 336 suka yarda, 204 suka ƙi.

Duk wannan labarin Turai ne. Hanyar da zan iya auna su da ita ita ce in ɗora su a kan matsalar da ke hana mutanenmu barci, kuma a Bacirawa da ƙauyukan da ke arewa da birnin Kano babu wadda ta kai ta ƙasa. Nan yanki ne da gona ba ta hutawa. Shekara da shekaru ana noma ta ba a bar ta saura ba, ana ciyar da ita da takin gida da sharar birni da jakuna ke kaiwa da rani. Michael Mortimore ya yi nazarin wannan tsari tun shekarun 1960, Polly Hill kuma ta yi bincike a Ɗorayi ta fitar da littafinta a 1977 a kan yadda yawan jama'a da ƙarancin gona suka haɗu da talauci. Iyaka tsakanin gona da gona layin gamba ne ko bi-ni-da-zugu, kuma taku biyu a kan layin nan sun isa su raba zumunci.

A ɗauka an taru a ƙofar dagaci a kan gona guda. Ɗan mamaci ya ce tasa ce, ta ubansa ce. Wani dattijo ya ce tasa ce, jingina aka ba shi da daɗewa, ba a dawo masa da kuɗinsa ba. Wani daga birni ya zaro takardar ciniki da sa hannun shaidu. Ƙanwar ɗan mamacin tana cikin gida, ba a raba gado ba balle a fitar mata da rabonta. Ga kuma ɗorawa a tsakiyar gonar, wadda wani gida dabam ke kaɗa kowace shekara. Ɗan feɗe magana zai ce a dakata, kowa ya faɗi abin da yake nufi da “tawa”. Ikon nomawa dabam, ikon cin amfanin itace dabam, ikon sayarwa, ikon ba da aro, ikon barin gado, ikon hana wani shiga, kowanne dabam. Tony Honoré na Okasfod ya lissafa irin waɗannan sassa goma sha ɗaya a 1961, malaman fiƙihu kuma tun da can sun bambanta mallakar asalin abu da mallakar amfaninsa. Da an warware kalmar sai a ga mai jingina yana da ikon nomawa ba shi da ikon sayarwa, ɗan mamaci ba ya da ikon sayar da rabon ƙanwarsa, takardar mai saye ba za ta ba shi abin da mai sayarwa bai mallaka ba. Rabin rigimar ya mutu, ba a zagi kowa ba. Wanda ya taɓa ganin yadda shari'ar gona ke cinye dukiya da shekaru ba zai raina wannan aiki ba.

Amma da sauran rina a kaba. Me ya sa ɗan mamacin ya sayar tun farko, shi da ya san babu wata gonar da zai koma? Nan ɗan nahiya zai shigo, ya ce ita kanta ma'anar mallakar da kuke feɗewa tana da ranar haihuwa. Turawa sun ci Kano a 1903, a 1910 suka yi dokar da ta sa ƙasar Arewa a hannun gwamna. Malaman taki suka bi gonaki suna aunawa don a yanka haraji, gona ta shiga littafi da lamba. Jirgin ƙasa ya iso, daga 1912 gyaɗa ta zama kuɗi, gandu ya fara tsinkewa, kowa ya ja nasa. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sake damƙa ƙasa a hannun gwamnan jiha bisa amana. Yau birni ya taso, dillalai na zuwa da igiya, ana yanka gona filaye, abin da mutanen Kano ke kira awon igiya. Ga tsohon da ya san kusurwar da ruwa ke kwanciya da inda ubansa ya dasa kuka, gonar nan wurin zaman rayuwarsa ce. Ga mai igiya, ƙafa kaza ce sau ƙafa kaza. Ɗan nahiya yana so a ga cewa ɗaya daga cikin ganin nan biyu ya ci ɗayan da yaƙi, kuma a tambayi wa ya ƙaru, wa ya koma ɗan ƙodago a ƙasar kakanninsa. Marigayi Yusufu Bala Usman na jami'ar Ahmadu Bello masanin tarihi ne, bai jingina kansa ga wannan gida ba, amma da ya rubuta littafinsa na 1987 a kan yadda ake juya addini don biyan buƙatar masu iko, irin wannan tambaya ya yi, kuma ya yi ta da hujjojin da kowa zai iya bi ya duba.

Ga hukuncina. In za a fara koya wa yaro ɗaya daga ciki, a fara da feɗe magana. Dalilina shi ne a cikinta ana iya kama kuskure. A 1902, juzu'i na biyu na babban aikin Frege yana wurin ɗab'i, Russell, wanda bai kai shi shekaru ba, ya aiko masa da wasiƙa ya nuna tufka da warwara a gindin ginin. Frege ya karɓa, ya ƙara bayani a ƙarshen littafin yana sanar da masu karatu. Hakan ta yiwu ne domin ya rubuta yadda za a iya kama shi. Rubutu mai duhu, irin na Heidegger a ƙarshen rayuwarsa ko na Derrida, ya fi haifar da mabiya fiye da masu bincike, kuma mu da muka saba da “malam ya ce” ba mu buƙatar ƙarin abin da zai hana ɗalibi tambayar dalili. Ban ce bayyanannen rubutu yana gyara zuciya ba. Littafin sirrin da Frege ya rubuta a 1924 ya nuna ƙiyayya ga Yahudawa, kamar yadda zurfin Heidegger bai hana shi bin Hitila ba.

Sai dai wanda ya tsaya a feɗe magana kaɗai zai iya ƙare rayuwarsa a kan 'yan mas'alolin da babu ruwan kowa da su. Gidan ya daɗe yana kau da kai daga siyasa, sai da John Rawls ya fitar da littafinsa a kan adalci a 1971 sannan fagen ya farfaɗo sosai. Al'ummar da aka yi wa mulkin mallaka, aka sauya mata doka da harshen karatu da ma'anar ƙasa, ba ta da halin ajiye tarihi a gefe. Kwasi Wiredu na Gana, wanda ya yi karatu a Okasfod, ya ɗauki kayan feɗe magana ya auna ra'ayoyin Turawa da harshen Akan. Paulin Hountondji na Benin, wanda ya yi karatu a Faris ya rubuta kundinsa a kan Husserl, shi ne kuma ya fi kowa matsa wa masu falsafar Afirka lamba a kan tsantsar hujja. Kowannensu ya fito daga gida ɗaya ya ɗebi abin da yake buƙata a ɗayan.

Mu ma ba da hannu wofi muka zo ba. Shehu Magili, wanda ya zauna a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya yi rubutu a kan mantiƙi, kuma ya yi musayar baitoci da Suyuɗi na Masar yana kare halaccin karanta shi. A zaurukanmu an karanta Sullamu na Ahlari, an karanta Ummul Barahina ta Sanusi, wadda ta fara da raba hukuncin hankali zuwa wajibi da mustahili da ja'izi kafin ta shiga siffofin Ubangiji. A ɗaya ɓangaren akwai Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu Usmanu ta wajen 'yarsa Hadiza, wanda ya rayu daga 1804 zuwa 1864, ya zauna a Salame, ya yi rubutu a kan samuwa da ruhi da matakan halitta, ya kuma rubuta tarihin ƙasashen Hausa a Raulatul Afkari.

Kirana ga malaman jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello da ta Usmanu Ɗanfodiyo da ta Abdu Mumuni a Yamai shi ne su zauna da malaman zaure waɗanda suka riƙe mantiƙi da balaga, a daidaita kalmomin fannin da Hausa. A fassara maƙalar Frege ta 1892, ba ta da tsawo. A fassara babi ko biyu na Fanon, da abin da ya sawwaƙa na ɗan Tafa. A kuma ba ɗalibai mas'alolin jingina da gado da awon igiya su gwada hannunsu a kai, domin yawancinsu daga gidajen da ake wannan shari'a suka fito.